Ina son Marsandi, maiɗakina na son jif: wacce zan saya?

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne, ina harkar hatsi a Dawanau, shekarata 49. Ina da mata ɗaya da 'ya'ya uku, babban yana jami'a. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina hawan wata Corolla ƙirar 2008, ta yi mini hidima amma ta gaji. Kwanan baya na sayar da wani fili, na haɗa da ɗan abin da na tara, yanzu ina da naira miliyan 35 a hannu, kuma ina son in sayi mota ta kece raini. Tun ina yaro raina ke son Marsandi salun, irin ta ubangidan mahaifina. Maiɗakina kuma ta kafe sai jif, Lexus ko Prado. Ƙanena da ke zaune a Jamus ya ce in bar su duka, in tura masa kuɗin ya sayo mini Marsandi wagon, wai ta fi kowacce amfani, ni kuma ina jin kunyar a ce Alhaji ya sayi motar haya. Babban ɗana kullum sai ya nuna mini hoton wadda ake buɗe mata sama. Mahaifiyata tana ƙauye bayan Ɗambatta, kilomita tara ne na burji daga bakin kwalta zuwa ƙofar gidanmu, kuma duk wata nake ɗauko ta zuwa asibitin ƙashi na Dala saboda ciwon gwiwa. Maganar motar nan ta ɓata tsakanina da maiɗakina, yau kusan mako biyu daga gaisuwa sai gaisuwa. Ta ce na fifita son raina a kan iyali, ni kuma na ce mata gasa take yi da ƙawayenta. Malam, wacce zan saya?

Alhaji, daga Kano

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Alhaji. Allah ya sanya albarka a nema, ya ba Hajiya mahaifiyarka lafiya.

Na karanta wasiƙarka na sake karantawa, sai na lura da wani abu. Mutum huɗu sun faɗi ra'ayinsu a kan motar nan: kai, da uwargida, da ƙanenka, da ɗanka. Wadda ta fi kowa shan wuya wajen shiga mota da fita daga cikinta, wato Hajiya, ba a tambaye ta ba. Kuma abubuwa biyu da ka ambata can ƙasa-ƙasa, kilomita tara na burji da gwiwar mahaifiyarka, su ne ya kamata su yanke hukunci. Kowace mota tana da kyau a kan titin Murtala Muhammad da hantsi. Inda ake gane wadda ta dace da kai shi ne hanyar ƙauyenku a watan Agusta, bayan an kwana ana ruwa, da tsohuwa a kujerar baya.

Bari in fara sallamar mai buɗaɗɗen sama, don ba ta buƙatar dogon zance. Yaron yana da ido, motoci ne masu kyau, irin su Mercedes SLK da BMW Z4 da Lexus SC 430. Amma an ƙera su ne domin ƙasashen da rana take abin marmari. Mu nan a watan Afrilu zafi yana kaiwa digiri 40, da hunturu ƙura, da damina ruwa da iska. Kwana nawa ne za su rage a shekara da za ka buɗe saman mota daga Kurna zuwa Dawanau, kana bin bayan tirela? Rufin kuma yawanci ba da hannu ake naɗe shi ba, na'urori ne masu yawa suke aikin. Rana na busar da robobinsa, ƙura na cinye su, ranar da ya tsaya rabi a buɗe kuwa masu iya gyaransa a garin nan ba su da yawa. SLK da Z4 kujeru biyu ne kacal. Mota ce ta wanda yake da wasu uku a gareji. Ka gaya wa yaron haka da taushin murya, kuma ina roƙonka kada ka miƙa wa matashi makullin mota mai ƙarfi irin wannan. Mun ga abin da wasan mota wajen rakiyar amarya ya jawo wa gidaje da yawa.

Sai wagon. Ƙanenka bai yi maka ƙarya ba, abin da yake gani a inda yake zaune ya faɗa. A Jamus wagon ita ce motar magidanci mai mutunci, likita da injiniya da mai kamfani duk ita suke hawa, ko Mercedes E-Class, ko BMW 5 Series Touring, ko Audi A6 Avant. Kuma a kan takarda tana da hujja mai ƙarfi. Ka ɗauki E-Class da aka ƙera daga 2009 zuwa 2016: but ɗin salun lita 540 yake ci, na wagon lita 695, in an kwantar da kujerun baya ya kai 1,950. Ta fi jif da yawa cin kaya, tana kama titi kamar salun, shan manta ma kusan ɗaya da salun. Ga mai harkar hatsi da ke kai buhun shinkafa da jarkar mai ƙauye duk wata, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Kunyar da kake ji kuwa na san daga inda ta samo asali. Tun da kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa 504 a Kaduna a 1975, wagon ɗinta mai layin kujeru uku ta cika tashoshinmu. Ni kaina a kujerar ƙarshe ta Fijo wagon na fara zuwa Maiduguri, gwiwoyina a ƙirjina, amma ta kai mu lafiya. Bayanta Golf wagon da Sharon suka gaji aikin. Idonmu ya saba ganin duk mota mai dogon baya a tasha da ɗan kamasho yana kiran fasinja, shi ya sa muke raina ta. Wannan ba dalili ba ne da magidanci mai shekara 49 zai bar abin da zai amfane shi. Da kunya ce kaɗai matsalar, da na ce ka saya ka toshe kunnenka.

Matsalar ta wuce nan. Fijo 504 an yi ta ne da ƙafa mai jure gargada, har ta ci gasar tseren Safari a Kenya a 1975. Wagon ta Jamus ta yau an yi ta ne domin babbar hanya mai santsi. Tsakaninta da ƙasa daidai yake da salun, ga bayanta ya fi tsawo, don haka wajen sauka kwari ko hawa tudu bayan ne zai fara dukan ƙasa. E-Class wagon kuma da jakar iska take zuwa a ƙafar baya maimakon sifirin na ƙarfe, domin ta riƙa daidaita kanta idan an yi mata lodi. Dabara ce mai kyau, amma roba ce, tana tsufa, kuma ba ta son burji. Da yawa daga cikin wagon da ake samu a Turai gas suke sha, da na'urar tace hayaƙi da ke toshewa in man ba shi da tsabta. Sannan ka je Ƙofar Ruwa ka nemi gilashin baya ko fitilar baya ta E-Class wagon ka ga kwana nawa za ka yi. Ranar da za ka sayar ma sai ka daɗe kana jiran mai saye. Akwai wagon da aka ɗaga wa ƙafa, kamar Volvo V90 Cross Country da ke da santimita 21 tsakaninta da ƙasa, ko Audi A6 allroad, amma kayan gyaransu sun fi na Marsandi wuyar samu a arewa.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfe muhimmanci. Tura miliyan 35 ƙasar waje a sayo maka motar da ba ka taɓa zama a cikinta ba cinikin biri a sama ne, ko da ɗan'uwanka ne uwa ɗaya uba ɗaya. Kafin ta iso Legas canji zai iya motsawa, kuɗin kwastan zai iya ƙaruwa, in kuma ta zo da lahani, wa za ka kama? Sai ka haɗiye, ko zumunci ya yi rauni. Ka gode masa, ka bar shi a matsayin mai ba da shawara da mai aiko maka da kayan gyara in buƙata ta taso.

Yanzu ga wadda take ranka. Ba zan raina wannan son ba, Alhaji. Yaron da ya tsaya a ƙofar gida yana kallon mahaifinsa na goge motar ubangida, ya ce a zuciyarsa wata rana sai ya hau irinta, yana da haƙƙi a kanka yanzu da Allah ya hore. In lissafin shekarunka ya yi daidai, wataƙila wadda ka gani ita ce wadda muke kira V-boot, da aka fara ƙerawa a tsakiyar shekarun 1980, ko kuma yayarta mai lebur ɗin but. Waɗancan motoci ne na ƙarfe da sifana, bakanike mai basira zai iya sauke injinsu a gindin bishiya ya mayar. Marsandi ta yau tambarin ne ɗaya, amma cikinta kwamfutoci ne suke magana da juna. Ba a gyara ta da ji da kunne, sai an jona mata na'ura, kuma sai wanda ya san karatun na'urar.

Duk da haka in faɗi gaskiya: a kan kwalta mai kyau, babu jif ɗin da zai kamo ƙafar salun. Ka hau Marsandi E350 daga Kano zuwa Zariya, za ka ji motar ta kwanta a titi, ba ta rangaji a kwana, iska ba ta kaɗa ta in tirela ta wuce, birkinta yana kamawa da wuri saboda ba ta da nauyin jif, ka sauka ba ka gaji ba. Da rayuwarka daga gida ce zuwa kasuwa, sai Abuja jifa-jifa, da na ce ka sayi abarka ka more.

Amma irin waɗannan salun, tsakanin cikinsu da ƙasa santimita 13 zuwa 15 ne, kafin mutum biyar su shiga a zuba kaya a but. Lexus RX 350 ta 2010 zuwa 2015 tana da 18 da rabi, ta 2016 zuwa sama kusan 21. Bambancin faɗin yatsu uku ne ko huɗu, amma a cikin yatsun nan kwanon baƙin mai yake, da salansa, da leɓen bamba. Ka san yadda burji yake in motocin ɗaukar amfanin gona sun bi ta kansa da damina: tayoyi su haƙa ramuka biyu, tsakiya ta yi tozo. Corolla ɗinka ta sha dukan tozon nan shekara goma sha ɗaya ta jure, saboda gajera ce, ba ta da nauyi, kuma abin da ya karye a cikinta ana samunsa a kowane lungu. E-Class doguwa ce, mai nauyi, tayoyinta sirara ne a kan manyan rim, rami ɗaya zai iya kumbura taya ya tsaga rim. Ga batun mai. Kamfanin ya rubuta cewa fetur mai daraja ta sama take so, mu kuwa iri ɗaya ake sayar mana a kowane gidan mai, kuma ba mu manta gurɓataccen fetur ɗin da aka shigo da shi a farkon 2022 ba, da yadda ya kwantar da motocin mutane.

Sai gwiwar Hajiya. Shiga salun sai an durƙusa an faɗa ciki, fita kuma sai an yunƙura daga ƙasa, duk nauyin jiki a kan gwiwa. Ka tuna yadda take fita daga Corolla, wa yake riƙe ta, kuma sau nawa take cewa wash kafin ta miƙe.

To, ashe uwargida ta yi daidai ke nan? Rabi. Ta ce Lexus ko Prado kamar abu ɗaya ne, alhali kalmar jif da muke faɗa ta haɗe motoci iri biyu da ba su da dangantaka sai tsayi. Prado, da Lexus GX 460 wadda 'yar'uwarta ce ta jini, da Land Cruiser, da LX 570, gangar jikinsu a kan shasi na ƙarfe aka ɗora ta, kamar Hilux, kuma suna da ƙaramar giya ta fita daga yashi da taɓo. An yi su ne domin daji na gaske. Ita RX ginin ƙaramar mota gare ta, dangin Camry da Highlander, aka ɗaga ta sama. Kilomita tara na burji ba ya buƙatar Prado. Kuma Prado ta yi wa Hajiya tsayi: sai ta taka matakala, ta kama marfi, ta ja jikinta sama, wajen sauka kuma ta diro a kan gwiwar da ake yi wa magani. Kujerar RX kusan daidai ƙugun mai matsakaicin tsayi take. Mutum ya juya baya ya zauna, sannan ya shigar da ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya.

Ga kuma ciki. A gwajin da ake yi a Amurka, RX 350 tana cin kusan kilomita 9 da lita ɗaya, GX 460 mai injin V8 kusan 7, salun irin Lexus ES 350 kusan 10. A Kano da cunkoso da esi duk za su gaza haka, amma tazarar tana nan. In kana yin kilomita 1,500 a wata, ES za ta sha wajen lita 150, RX wajen 170, GX ta haura 200. Kafin 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafi, lokacin da lita ba ta kai naira 200 a farashin gwamnati ba, babu mai damuwa da wannan lissafi. A 2024 lita ta haura naira 1,000 a wurare da yawa. Kai ɗan kasuwa ne, ka ninka da kanka.

Dalilin da ya fi sa nake nuna maka RX shi ne injinta. V6 ne mai lita 3.5, iri ɗaya da na Camry V6 da Highlander da Sienna da Avalon da ES 350. Duk bakaniken da ya ƙware a Toyota ya san shi, kayansa suna nan a Ƙofar Ruwa da Panteka ta Kaduna da Apo a Abuja, in ma a Ɗambatta ta tsaya maka ba za ka kwana a hanya ba. Ka nemi mai jan ƙafa huɗu, don da yawa daga cikin waɗanda ake kawowa daga Amurka gaba kawai suke ja. Kada ka yarda da rubutun da ke bayan but, a leƙa ƙarƙashinta a ga ko akwai furofela da ta tafi ƙafar baya. Ka guji ƙirar 2007 zuwa 2009, sun tsufa, kuma an san su da tsagewar dashbod a ƙasashe masu zafi.

Tana da nata aibin, kada in ɓoye maka. Ba ta da daɗin tuƙi irin na Marsandi, sitiyarinta sakwa-sakwa ne. Ɓarayi suna sonta saboda kayanta na da kasuwa, don haka sai ka sa mata na'urar bibiya. Kujeru biyar ne, ranar da za a tafi Sallah da kowa da kowa har da Hajiya sai an fito da mota ta biyu. Kuma duk jif, komai tsadarta, nauyinta a sama yake. Mutane suna shiga su ji kamar suna cikin ɗaki, sai su taka wuta, ranar da taya ta fashe ko aka kauce wa akuya da gudu sai ta kifa inda salun za ta tsaya da ƙafarta. Ka kuma bar baƙin fenti da baƙin gilashi. A hanyoyinmu na yanzu, baƙar jif mai duhun gilashi sanarwa ce cewa babban mutum na ciki. Fara ko ruwan toka ta fi sanyi, ta fi ɓoye ƙura, ta fi rufin asiri.

Na san abin da zai zo maka a rai: tunda ni Marsandi nake so ita kuma jif, me zai hana a sayi jif ta Marsandi kowa ya huta? Akwai ta, ML 350, wadda aka sauya wa suna zuwa GLE a 2015, kuma ba mummunar shawara ba ce. In ka ji zuciyarka ba za ta kwanta ba sai da tauraron nan a kan bonet, to ka nemi ta 2012 zuwa 2015. Ka kauce wa ta 2006 da 2007, injinan farko na wancan zubin an san su da cinyewar wani haƙori a cikin inji, wanda gyaransa sai an sauke injin gaba ɗaya. Kuma ka tabbatar ƙafarta sifirin ne na ƙarfe, ba jakar iska ba. A nan ina magana ne da abin da ya same ni. Na taɓa sayen wata jif ta Turai mai ƙafar iska, daɗin tafiyarta kamar a kan katifa. Wata na bakwai na fito da asuba zan kai mara lafiya asibiti, na tarar ta gurfana a ƙasa, ko ƙofar gida ba za ta iya tsallakewa ba. A motar maƙwabci muka tafi. Mako uku tana jiran kaya daga Legas, kuɗin da ta ci kuma har yau ina tuna shi. Sharaɗi na ƙarshe: ka samo bakaniken kafin ka samo motar. Ka je garejinsa, ka ga na'urarsa, ka yi magana da masu Marsandi biyu ko uku da suke kai masa aiki. In ba ka same shi ba, ka koma kan RX. Ni dai da a ce ni ne nake da tsohuwa a ƙarshen burjin nan, RX zan ɗauka.

Batun kuɗi kuwa, kada ka zuba miliyan 35 gaba ɗaya a hannun dila. Ka ware aƙalla kashi ɗaya cikin biyar, wato miliyan bakwai, ka manta da su wajen ciniki. Motar da ta sauka daga jirgi tana buƙatar tayoyi huɗu sababbi, da batir, da juyen baƙin mai da man giya, da duba birki da kayan ƙafa, da lamba. Inshora ta gaba ɗaya, tun Janairun 2023, ba ta gaza kashi biyar cikin ɗari na darajar mota a shekara, kuma mota irin wannan bai kamata ta hau titi da ƙaramar inshorar naira 15,000 kaɗai ba. Kayan gyara da dala ake sayo su, dalar da take ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a 2024. Gara ka sayi wadda ta girmi burinka da shekara biyu, lafiyayya, da kuɗi a aljihu, da ka sayi ta yayi ka kasa sauya mata taya. Kada kuma ka taɓa jarin kaka saboda mota. Wasu za su ce maka mota ma kadara ce yanzu, tunda wanda ya saya shekara uku da suka wuce zai sayar da riba. Naira ce ta faɗi, ba motar ce ta ƙara daraja ba.

Corolla kuma kada ka sayar. A gyara ta, ka riƙa shiga Dawanau da ita, inda kura da baro da manyan motoci suke gogar juna. Uwargida ta samu ta kai yara makaranta, ranar Sallah kuma ga mota ta biyu.

In ka je saye, ka tafi da bakanikenka, ba wanda dila zai kira maka ba. Kowace mota tana da lambar shasi mai haruffa da lambobi 17. In daga Amurka ta fito, da wannan lambar ake ciro tarihinta a intanet, a ga ko ta yi haɗari, ko ambaliya ta cinye ta, da kuma tafiyar da ta yi kafin a loda ta, don mayar da mita baya ya zama ruwan dare. Da yawa daga cikin motocin da ke sheƙi a wuraren sayarwa daga gwanjon motocin haɗari aka sayo su aka gyara. Ba duka ne marasa kyau ba, amma haƙƙinka ne ka sani, farashi kuma ya nuna. Ka ɗaga kafet ka shinshina, ka duba ƙarafan ƙarƙashin kujera ko sun yi tsatsa. Ka je da sassafe a tayar da ita a gabanka tun injin yana sanyi. A jona mata kwamfuta, a tabbatar jakunkunan iska na kariya suna nan ba a cire an toshe gurbinsu ba. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara: 2321 na nufin mako na 23 a 2021. Takardar kwastan kuma ka kai ta ofishinsu da kanka a tantance. A Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta kan iyakar ƙasa, don haka 'yar Kwatano mai araha da takardun da ba su da tushe za ta iya kwana a hannun jami'ai a kan hanyar Kazaure, kai da Hajiya kuna tsaye a rana.

Saura maganar gida, wadda ita ce ta fi damuna a wasiƙarka. Mako biyu ya yi yawa, Alhaji, a kan abin da ba a ma saya ba. Kowannenku ya jefi ɗan'uwansa da magana mai zafi, amma kai ne babba, kai za ka fara janye taka. Ka ce mata gasa take da ƙawaye. Ko da akwai ɗan wannan a ciki, ɗan Adam ne, kai ma ai tsoron bakin mutane ne ya hana ka kallon wagon. Ka tambayi kanka wa yake riƙe hannun Hajiya in za ta fita daga mota, wa ya taɓa sauka ya taka taɓo da yara a hanyar ƙauye don motar ta samu ta wuce. Ina kyautata zaton ita ce. Mai yiwuwa abin da ta gani ke nan ta ce jif, ba ta dai tsara maka hujjar ba. Ita ma tana da abin da ba ta sani ba. Ka taɓa zaunar da ita ka ba ta labarin motar ubangidan mahaifinka, da abin da ka ji a ranka ranar? Ina zaton ba ka taɓa ba, shi ya sa take ganin taurin kai ne kawai. Ka ba ta labarin a daren nan bayan yara sun kwanta. Sannan ka nuna mata lissafin man Prado da tsayin matakalarta, ka ce mata ke kika fi ni gaskiya a kan jif, amma ba kowace jif ba.

Ranar da za ka ɗauko Hajiya a wannan watan, in an gama ganin likita kuma jikinta ya yarda, ku biya wurin masu sayar da motoci kai da ita da uwargida. Ka roƙi dila ya buɗe muku E350 da RX 350 da ML 350 da Prado. Kada ka gaya wa Hajiya wacce kake so. A bar ta ta shiga kowacce ta fita a hankali, uwargida na gefenta, kai kuma ka tsaya ka kalli fuskarta da inda hannunta yake neman abin kamawa. Wadda ta zaɓa, ka nemi dila ya bar ka ka gwada ta a kan burji kafin a yi maganar kuɗi. In an saya, ka rubuto mini in ji wacce ce, da yadda ta yi da hanyar ƙauyenku bayan ruwan farko.